Ƙirjin Agwagwar Ummu Mitri

Mitri Zakari maƙwabcina ne. Ƙofarsa na kallon tawa a lungun da ke bayan cocin ƙauyenmu, kudu da Asyut. Ni na koya masa lissafi yana yaro, a shekarun da na dawo gida da takardar malanta daga makarantar mishan, kuma har yau da furfura ta cika masa kai ba ya zama a gabana sai na ce ya zauna. Sana'arsa gyaran injin ban ruwa. Daga bakin kogi zuwa gindin dutse babu gonar da bai shiga ramin injinta ba.

Sunan mahaifiyarsa Mufida, amma tun ranar da aka haife shi kowa Ummu Mitri yake kiranta. Kafin shi ta haifi uku, duk zawon lokacin zafi ya ɗauke su ba su kai yaye ba. Ta taɓa gaya wa marigayiya matata cewa fuskokinsu sun ɓace mata, abin da ya rage a idonta shi ne wuyan hannunsu, yadda ya ƙanjame ya koma kamar sillen kara. Da Mitri ya zo, sai ta ɗauki ciyar da shi a matsayin aikin da aka haife ta dominsa. Yakan zo aji da gurasa naɗe da ƙwai da cuku, man shanu na ɗiga a kan littafinsa. Wata rana na gaya mata abin da Baturiyar da ke kula da ɗakin cin abincinmu a makaranta ta koya mana, cewa mutum ya tashi daga tebur da sauran yunwa. Ta dube ni daga sama zuwa ƙasa, ta ce ai ga sakamakon nan tsaye a gabanta, kuma in iska ta taso in riƙe ginshiƙi.

Kowace Alhamis da yamma 'ya'yanta da matansu da jikoki sukan taru a gidanta. Akan shimfiɗa tabarma, a ajiye babban tire, a zuba miyar lalo da shinkafa, sannan a kawo agwagwa ko tattabaru a tukunya a ajiye a gabanta. Ita ke rabawa, da hannunta, ba da wuƙa ba, ta ɗora wa kowa rabonsa a kan gurasa tana kiran sunansa. Tun rasuwar mijinta Zakari, ƙirjin agwagwa na Mitri ne, domin shi ne babba. Ƙaninsa Labib yakan sami cinya. A gidajenmu ba a mayar da rabo, ba a kuma miƙa wa na kusa. Wanda ya tashi ya bar rabonsa, to akwai abin da yake riƙe da gidan a zuciya, kuma kowa ya fahimta ba sai ya faɗa ba. Ƙanin Zakari ya taɓa yin haka a kan wata rigimar iyakar gona. Ya bar fiffike a kan gurasa ya fita, bai sake taka gidan ba har ya mutu.

Mitri bai taɓa barin ko ƙashi da nama a jiki ba. Ya girma, ya auri Nargis, ya haifi 'yan mata uku, jikinsa na ta ƙaruwa. A ƙuruciya hakan ya yi masa kyau, manoma suna cewa shi kaɗai ke ɗaga injin da mutum biyu suke nishi a kansa. Da ya haura arba'in, gwiwoyi suka fara ƙi. Ciwon suga ya shigo, hawan jini ya biyo baya. Ya daina durƙuso a coci, ya koma kwana a zaune saboda in ya miƙe numfashi na sarƙe masa. Ranar da abin ya kai maƙura ita ce ranar da ya sauka ramin injin wani manomi ya gama aiki, ya kasa hawowa. Sai da aka ɗaura masa igiya a ƙirji aka ja da tarakta, mutanen gonakin kusa suna tsaye suna kallo. Ba a daɗe ba wani ƙurji ya fito masa a babban yatsan ƙafa ya ƙi warkewa, likita a Asyut ya ce in aka ci gaba a haka, yatsan ne zai fara tafiya, ƙafar ta bi shi.

Nargis ce ta kawo maganar tiyata. 'Yar ƙanwar mahaifiyarta ta yi a Alƙahira, ta dawo kamar budurwa, ta jefar da allurar suga. A shekarun nan babu unguwar da ba ka jin an yi wa wani. Mitri ya zo ya same ni a kan dakalina ya tambayi ra'ayina. Na karanta takardun da aka ba shi sau biyu, na ce masa a ganina likitocin sun yi gaskiya. Har yau ra'ayina ke nan. Na tambaye shi ko ya gaya wa mahaifiyarsa. Ya ce ya gaya mata za a yi masa aikin ciwon suga, kuma ai bai yi ƙarya ba.

Bayan an gama cirar dabino ya tafi Alƙahira. Likitoci suka yanke mafi yawan tumbinsa suka fitar, suka bar masa ɗan siriri kamar ayaba.

Na ga yadda cin abincinsa ya koma, domin Nargis takan kira ni in karanta mata ƙa'idojin likita, rubutun ya yi mata ƙanƙanta. Makonnin farko ruwa ne kawai da romo da aka tace, yana kurɓa da cokalin shayi. Daga nan kindirmo, sai dafaffen ƙwai da aka dama, sai kabewa. Ma'auninsa finjalin gahawa. In ya cika finjalin, abincin ke nan, kuma sai ya ɗauki tsawon lokacin da a da yake cinye tire guda kafin ya ga ƙasansa. Ba ya shan ruwa a kan abinci, sai ya jira. Shayi mai suga yakan sa shi zufa da jiri har sai ya kwanta a ƙasa. Gurasarmu da ake shanya ƙullinta a rana ya kumbura, wadda ya tashi da ita, takan tsaya masa a ƙirji kamar dutse. In ya yi kuskure ya ƙara loma ɗaya a kan ƙa'ida, shaƙuwa ta kama shi, yawu ya cika masa baki, ya tashi da sauri zuwa bayan gida. Ya ce mini cikinsa ba ya jin yunwa ko kaɗan, amma idonsa da hancinsa da hannunsa ba wanda ya sanar da su an yi tiyata.

Alhamis ɗin farko mahaifiyarsa ta yi haƙuri, domin marar lafiya marar lafiya ne. Ta aiko da romon tattabara, ya sha cokali huɗu, Nargis ta ɓoye sauran. Da ya warware ya koma zama a tabarma, sai ta ci gaba da ɗora masa ƙirjin agwagwa kamar yadda ta saba. Yakan tsinki ɗan zare, ya yi ta taunawa, ya ce likita ya ce a hankali. Ta sa masa ido, ta ga wuyan rigarsa na faɗi, ta ga gashinsa na zuba, ta ga fatar damtsensa na reto. Ta kai kyandir coci. Ta sa aka shafa masa man addu'a. Ta fara tambayar mata ko sun san cutar da ke cin mutum haka.

Labib ne ya fasa maganar, kuma ba da mugunta ba. Mutum ne da ba ya iya riƙe abin dariya. Wata Alhamis ya ga rabon yayansa ya huce a kan gurasa, ya ce, "Umma, ki daina ɓarnar ƙirji a kan wanda ya bar tumbinsa a kwandon sharar Alƙahira. Miƙo nan, ni nawa yana nan yadda kika haife shi."

Nargis ta gaya mini cewa tsohuwar ba ta ɗaga murya ba. Ta sa Mitri ya yi mata bayani, ya yi, ya nuna mata da yatsu girman abin da ya rage. Ta tambaye shi ko ruɓewa tumbin ya yi. Ya ce a'a. Ta tambaya ko ƙari ne ya fito a ciki. Ya ce a'a, lafiyarsa ƙalau, girma ne ya yi masa yawa.

"To lafiyayye ka kai musu," in ji ta. "Shekara hamsin ina cika shi, ka je ka biya a yanke, don kada ka ci na hannuna."

Ya yi rantsuwa ba haka ba ne. Ya ambaci yatsan ƙafa, ya ambaci igiya da tarakta. Ta ce ubansa ya yi ciwon suga ya mutu da cikinsa cikakke, an binne shi yadda Allah ya halicce shi. Ta juya ga Nargis ta ce ta san wadda ta kitsa wannan, wadda tun shigowarta gidan take ƙirga wa mijinta loma. Daga ranar, kowace Alhamis sai ta ɗora masa ƙirjin, ba ta kiran sunansa, ta kuma hana kowa taɓawa. In an watse, ta ɗauka ta jefa wa karnuka a lungu, a inda zai gani daga tagarsa.

A waje ma bai huta ba. A shagon shayin Hifni, inda ya saba zama, sukan tambaye shi ina ya baro sauran Mitri, ko yana tafe a motar baya. Hifni ya ce tun da ya daina shan suga ciniki ya faɗi, zai kai ƙarar likitan. Manoman da yake yi wa gyara sukan shimfiɗa masa abinci a gindin bishiya in ya gama, kamar yadda aka saba, su yi ta rantsuwa sai ya ci. Wani dattijo ya rantse da sakin matarsa, Mitri ya ci don ya ceci auren mutumin, ya je bayan rake ya amayar. Bayan wannan ya koma haɗa kayansa da sauri ya gudu kafin a kawo tire, aka fara cewa ya yi girman kai.

Lafiya kuwa ta samu, wannan ba a musu. Ƙurjin ya warke. Ya daina allura. Yana sauka rami ya hawo da ƙafarsa. Likita ya ɗauki hotonsa ya ce yana cikin waɗanda aikin ya fi yi wa kyau.

Da babban azumi ya kama, wanda ba ma cin nama ko ƙwai ko madara har zuwa Ista, Mitri ya yi murna, domin babu agwagwa, babu rabo. Amma wake da gurasa da man gyaɗa, abincin azuminmu, su ne abin da sabon cikinsa ya fi ƙi. Bayan mako biyu ya yanke jiki ya faɗi a bakin rami. Likita ya ce dole ya ci ƙwai da kindirmo kullum. Abuna Bisada, limamin cocinmu, ya ba shi izini ba tare da jayayya ba, ya ce azumi ba na marasa lafiya ba ne. Mitri yakan shiga shagonsa ya tura ƙofa ya ci ƙwansa a tsaye, kamar mai sata. A haka mahaifiyarsa ta same shi wata safiya, ta zo karɓar tukunyar da ya liƙe mata. Ta ga ɓawon ƙwai a kan teburin aiki. Ta ce ashe cikin yana buɗewa a ranar da Allah ya hana, ranar da uwa ta dafa ne yake rufewa. Ta bar tukunyar ta tafi.

Da yammacin ranar ya zo dakalina. Ya ce ya gaji. Ya ce duk wanda ya gamu da shi sai ya taya shi murna, shi kuwa tun ranar da mahaifiyarsa ta san abin da aka yi masa a Alƙahira ba ta kira sunansa ba. Na ce in yana so in je in yi mata bayani da zane a takarda. Ya ce, "Malam, ta gane sarai. Ba bayani take jira ba. So take ta ga gurasar nan babu komai a kai."

Na je duk da haka. Na same ta a tsakar gida ta danne wata agwagwa a ƙarƙashin gwiwarta, tana yi mata ɗura da jiƙaƙƙen wake da masara, tana shafa mata wuya don ya wuce. Tun farkon azumi take kiwata ta domin Ista. Ta saurare ni har na gama, hannunta bai tsaya ba. Sannan ta ce ni mai ilimi ne, kuma matata mutuniyar kirki ce, Allah ya ji ƙanta, amma ban taɓa binne yaron da ya rame ba. Ta ce ranar Idin Ista za ta ɗora masa rabonsa ta kira sunansa a gaban kowa, sau ɗaya. In ya bari, ta san matsayinta.

Ranar Ista da rana aka gayyace ni, kamar kowace shekara tun rasuwar matata. Gidan ya cika. An kawo gurasa jiƙe da romo da tafarnuwa, an kawo miyar lalo, aka ajiye tukunyar a gabanta. Ta yage ƙirjin gaba ɗaya, da fatarsa da kitsensa, ta ɗora a kan gurasa.

"Mitri," ta ce.

Nargis ta taɓa masa gwiwa. Ya ture hannunta. Ya ja gurasar gabansa ya fara ci.

Ina zaune daura da shi, na ga komai. Loma uku na farko ya tauna su yadda aka koya masa. Daga nan ya daina taunawa sosai, domin ya san in ya ba cikin lokaci zai rufe. Zufa ta keto masa a goshi. Shaƙuwa ta zo, ya danne ta da wata lomar. Labib ya fara wata barkwanci ya bar ta a tsakiya. Yara suka daina ci. Babbar 'yarsa ta ce Baba ya isa, bai ko dube ta ba. Tsohuwar tana kallonsa, kuma na ga fuskarta ta saki a hankali, kamar yadda take a shekarun baya. Har ta miƙa hannu ta gyara masa gurasar. Ya cinye naman, ya cinye fatar, ya goge man da gurasa ya kai baki. Ta ce ya ci lafiya, ɗana, ta sake kiran sunansa. Ya sumbaci hannunta.

Bai kai ƙofa ba. Ya durƙusa a tsakar gida yana yunƙurin amai, naman ya ƙi fitowa ya ƙi wucewa. Ya yi ta yunƙuri har jijiyoyin wuyansa suka tashi. Abin da ya fito daga ƙarshe jini ne, mai yawa, a kan ƙasar da aka share domin Idi. Labib da wani maƙwabci suka ɗauke shi, abin da a bara mutum huɗu ba za su iya ba, suka sa a mota zuwa Asyut. A can aka zura masa bututu aka ciro abin da ya maƙale. Likitan ya ce ƙarfin yunƙurin ne ya tsaga maƙogwaron daga ƙasa, kuma ya tambayi Nargis ko mijinta ya gaji da duniya ne.

Ni na rage a gidan da tsohuwar da matar Labib da yara. Ta ɗebo toka daga murhu ta zuba a kan jinin, ta share da kanta, ta hana surukarta taimaka mata. Ba ta yi kuka ba. Ta tambaye ni ko naman ne ya yi haka. Na ce yawansa ne. Ta ce, "Hannuna ne ke nan."

Mitri ya kwana shida a asibiti ya dawo, ya koma kan cokalin shayi da tataccen romo kamar farko. Amma ya dawo da fara'a. Ya ce mini ya biya abin da ake binsa, ta kira sunansa, yanzu zai iya zuwa da finjalinsa ya zauna kusa da ita ya ci ɗan abin da zai iya.

Alhamis ɗin da ya sami ƙarfi ya yi hakan. Ya shiga da finjalin kindirmo a hannu, an riga an ajiye tire. Tana ganinsa ta jawo mayafinta ta rufe tukunyar. Ta yi masa sannu da jiki, da sunansa, da taushin murya, ta tambayi ƙirjinsa. Sannan ta ce ya koma gida ya huta, ƙamshin zai dame shi. Ya ce ba ya damunsa. Ta ce za a jira. Suka zauna, mutum goma sha wani abu, ba wanda ya kai hannu, miya na hucewa, yara na kallon tukunya, har ya gane ba za a buɗe ba sai ya fita. Ya tashi ya fita.

Ya sake gwadawa sau da yawa. Ya aika Nargis, ya aika Abuna Bisada. Ta ce wa limamin ba ta riƙe ɗanta da komai ba, ta yafe masa duniya da lahira, ya zo duk lokacin da ya so, ban da lokacin abinci. Ta ce in ya zauna a gaban tire hannunta zai miƙa masa, ba ta iya hana hannun, shi kuma ba zai iya ƙin karɓa ba. Sai dai a gidan Ummu Mitri babu lokacin da ba na abinci ba. In ba a ci, ana dafawa, ko ana tankaɗe, ko ana tsince shinkafa. Yakan shiga da hantsi, ta ajiye abin da ke hannunta ta rufe, su zauna. Ta tambayi 'yan mata, ya tambayi ƙafarta. Daga nan magana ta ƙare, domin tun yana yaro hirarsu a kan abin da zai ci ce da abin da ya ci. Ko ruwa ba ta ba shi. In ya yi tari sai ta zabura.

Da sanyi ya shigo ta kwanta ciwo. Abinci ya fita ranta. Mitri ya sa Nargis ta dafa romo, ya kai da kansa, ya zauna a bakin gadon ya ɗebo a cokali. Ta karɓe cokalin daga hannunsa ta ajiye, ta ce ya fita da kwanon, kada tururin ya taso masa da ciki. Matar Labib ce ta ba ta bayan ya fita. Ta rasu kafin Kirsimeti. Daga ranar Ista zuwa ranar da aka binne ta, ba su sake cin komai a wuri ɗaya ba.

Bisa al'ada shi ya kamata ya riƙa raba nama a gidan yanzu. Ya bar wa Labib. Yana nan lafiya, likita na yaba masa duk zuwa. Da safe yana cin ƙwai ɗaya, da rana ɗan kifi ko kaza gwargwadon yatsu biyu, da yamma kindirmo, sai ƙwayoyin ƙarin jini da zai sha har ƙarshen ransa. Nargis ta yi ta fama ya zauna da su a tabarma, ya ƙi. A shago yake ci, a tsaye, fuskarsa na kallon bango, in ya gama ya ɗauraye finjalin ya koma kan injin da yake kwancewa.